Igiyar Inna

Inna ta makance tun kafin a yi mini aure, amma in ka gan ta a gidanta na Samaru ba ka cewa makauniya ce. Samarun lokacin 'yan gidaje ne a tsakiyar gonaki. Ni na tufka mata igiyar rama, na ɗaura daga turken bakin ƙofarta har makewayi. Ƙulli ɗaya a daidai randa, biyu a daidai murhu don ta kauce wa wuta, uku a bakin makewayi. Da igiyar nan take ɗebo ruwanta, ta yi alwala, ta shanya kuɓewarta. In ka kuskura ka kama mata hannu, ranar za ka sha faɗa.

Ni ce auta. Yaya shi ne ɗan fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta dogon zance da shi, ko da yake gida ɗaya suke. Duk abin da zai faɗa mata sai ya biyo ta bakina. Ni kuwa na ɗauki wannan girma ne, ina ta hura hanci.

Jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba mijina ya sami aikin dakon auduga a tasha, muka koma Sabon Gari, gidan haya. Wata bazara sai ga Yaya da jakinsa. Ya ce jinkar ɗakin Inna ta ruɓe, in damina ta same ta haka za ta rufta mata. Yana so in ɗauke ta kwana bakwai a yi baibaya.

Na ce, "Yaya, gidan suruki fa? Ka san ba za ta yarda ba."

Ya ce, "In ke kika faɗa mata za ta yarda. Kwana bakwai ne kacal."

Muka tafi tare. Na duba jinkar, ta yi baƙi ƙwarai. Na zauna gaban Inna na yi ta lallashi.

Ta ce, "Auta, kin ga jinkan da idonki?"

"Na gani, Inna."

"To, ki gaya ma wancan kar a taɓa mini igiya."

"Ba mai taɓawa. Ran na bakwai ni zan dawo da ke da kaina."

Ta hau jaki da tasbaha da zani ɗaya. Na ce ta ɗauki ƙwaryar furarta, ta ce ai kwana bakwai ba ƙaura ba ne.

Gidanmu na Sabon Gari cike yake, ga Nufawa, ga Yarbawa, ga wata mai zuwa coci daga kudancin Zazzau. Makewayi ɗaya ne a ƙurya, kuma sai an bi ta gaban rumfar da mijina ke hutawa. Inna kuwa ta gwammace komai da ta wuce gaban surukinta riƙe da buta. Sai ta rage shan ruwa. A zafin bazara! Leɓenta ya tsattsage, ina miƙa mata moɗa tana cewa ta ƙoshi. Mijina, Allah ya ji ƙansa, da ya gane sai ya riƙa fita yana zama gindin bishiya. Bai yi amfani ba, ko tarin maƙwabci ta ji sai ta ce shi ne. Ran na biyar ta lallaɓo ita kaɗai za ta makewayi, tana tsakar gida jirgi ya yi kuwwa, ta firgita ta taka kwata ta faɗi. Gwiwarta ta kumbura. Ina gasa mata tana ce mini kar in damu, saura kwana biyu.

Ran na bakwai Yaya ya aiko wai ciyawa ba ta isa ba. Bayan mako ya aiko wai masu ɗaga jinka suna sharar gona. Da na ga hadari ya fara haɗuwa, na ɗaura zani na kama hanyar Samaru a ƙafa.

Tun daga nesa na hango sabuwar jinka, har na yi hamdala. Da na leƙa ɗakin sai na ga an fasa gadon ƙasarta, an jibge dammunan dawa har bakin ƙofa. A gefe ga awaki uku a ɗaure. An yanka igiyar gida uku, da ita aka ɗaure su.

Yaya yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Bai ko tashi ba.

Ya ce, "Ai dama ba dawowa za ta yi ba. Sau biyu zaninta na kama wuta, ke ba ki nan. Ina gona, matata na gona. In ta ƙone ni za a zaga. A wurinki akwai ido a kanta. Kawunmu ma da saninshi."

"To me ya hana ka gaya mini?"

"Da na gaya miki, da kin ɗauko ta?"

Wannan maganar ce ta ƙona ni, har yau ba ta huce ba. Ban ce tsoronsa ƙarya ne ba. Amma ya zauna ya duba, ya ga abu ɗaya ya rage da tsohuwar nan ta amince da shi, wato bakina, ya ɗauka ya yi aikinsa da shi. Ya ci amanata, ya sa na ci tata ina murmushi. Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa na gaba da ni ba. Na kwance awakin na bar su suka watse, na naɗe igiyar. Abin da na iya ke nan, gida nasa ne.

Da na dawo na haɗa guntayen, na ɗaura daga ƙofa zuwa makewayi ta bayan rumfa, inda ba za ta gitta gaban kowa ba. Na yi niyyar sai ta ci abinci in faɗa mata a hankali. Na ɗora hannunta a kai. Ta bi da yatsu, ta tarar da ƙulli uku kafin biyu. Ta kai igiyar hanci.

Ta ce, "Akuya."

Ta juyo da fuskarta wajena.

"Kin sani?"

"Wallahi Inna ban sani ba."

"To." Sannan ta ce, "Ni dai ban ji daga bakinshi ba. Daga bakinki na ji."

Ta saki igiyar, ba ta sake taɓa ta ba. Daga ranar ta bar ni ina jan ta da hannu, ba faɗa, ba komai. Ta rasu kafin a yanke dawa. A 'yan watannin nan ba ta ƙara tayar da zancen ba. Sai dai in na miƙa mata moɗa na ce ruwan randa ne mai sanyi, ba ta kai shi baki sai ta tsoma yatsa ta ji tukuna.