Kwana Uku Na Cinye Bijimina A Dubai

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ka ba ni fili in faɗa wa masu karatu abin da ya same ni, ko wani ya tsira daga irin wautar da na yi. Lokacin da abin ya faru ina saurayi a Gazawa, na gama lakol, wato makarantar boko, ban samu aikin buro ba, sai na kafa tebur bakin tasha ina sayar da caja da rigunan waya. Ina da baki, ina da son a san da ni, kuma a raina na fi ƙarfin tebur. Burina in buɗe butik, wato shago na kaina. Da mahaifina ya ga na dage, sai ya ba ni bijimin da muka yi shekara biyu muna kiwo, na sayar da shi na haɗa da kuɗin waken da na noma, ya zama jarina.

Ina da gwaggo a Cadawa, ƙanwar mahaifina, wadda ta daɗe tana zuwa Dubai saro mayafai da turare. Ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ita ta ce in raka ta, ta samu muharrami, ni kuma in koyi hanya. Tun a gida na fara jin kunyarta. Ta ɗaure garin rogo da ƙuli-ƙuli da yaji da busasshen zogale a leda, ta saka gorar ruwa babu komai ciki, da wani tsohon takalmin roba. Na ce mata birnin da za mu ba a shiga da irin wannan tarkace. Dariya kawai ta yi, ta ce in sayi takalmin da zan iya yini ina tafiya da shi. Ni kuwa na sayi mai tsini, mai ƙyalli.

Da muka sauka, gaskiya na ga abin mamaki. Gine-gine na gilashi kamar za su taɓa sama, hanya babu ko ɓawon gyaɗa, ko'ina sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki. Gwaggo ta nufi wajen jirgin ƙasa, ta ce masaukinmu na tsohuwar unguwa kusa da kasuwa, inda 'yan kasuwa ke haɗuwa su kama ɗaki, mata nasu maza nasu. Da na ga ɗakin mazan, gadaje shida wani bisa wani, sai zuciyata ta ƙi. Na tuna abokaina na tasha da suka ce in turo masu hotuna. Na ce wa gwaggo wani abokina ya yi mani masauki, alhali ƙarya ce, ban san kowa ba. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce in riƙe katin masaukin nan a aljihu, in kuma ba ta jarina ta ajiye. Katin na karɓa, jarin na hana.

Na tare takisi na ce a kai ni otal mai kyau. Ɗakin da aka ba ni yana hawa na sama sosai, ta taga ina hango teku da motoci ƙanana kamar tururuwa. Na yi hoto a gado, na yi a gaban madubi, na yi da rigar wanka. Akwai ɗan firji cike da lemo da cakulan da gyaɗa, na ɗauka kaɗo ne, kyautar baƙo, na yi ta ci, suna sake cikawa. Ko'ina zan je takisi. Na biya aka hau da ni dogon ginin da kowa ke magana, na ci abinci a wurin da farantin shinkafa ya fi kuɗin buhun gero a gida. Kullum ina ce wa kaina gobe zan shiga kasuwa. Ran kwana na uku na sauko in ƙara kwana, ma'aikacin ya turo mani takarda cikin ladabi. Ashe duk abin da na taɓa a firjin nan an rubuta, har wankin riga, ga haraji iri-iri. Da na biya, na duba abin da ya rage. Bijimin ya tafi gaba ɗaya, saura ɗan kuɗin wake.

Na fito da akwati da tsakar rana, ina tsoron takisi, ban san yadda ake shiga jirgi ba, don ranar farko gwaggo ce ta yi komai. Na yi ta tafiya, takalmin ya saɓule mani dunduniya, maƙogwaro ya bushe. Na faɗa harabar wani masallaci na zauna, hawaye na zuba. Wani dattijo ɗan Pakistan cikin kayan aikin gini ya nuna mani na'urar ruwan sanyi a jikin bango, ya yi mani alama cewa kyauta ne. Kwana uku ina sayen ruwan kwalba. Ba ma jin yaren juna, amma da na nuna mashi katin masaukin, ya kama akwatina ya kai ni tasha, ya nuna mani yadda ake sayen kati a ɗora a ƙofa ta buɗe, ya ƙidaya mani tashoshi da yatsu. Na miƙa mashi wani abu, ya dafe ƙirji ya ƙi.

Na iske gwaggo zaune tana duba mayafai. Na shirya jin faɗa. Ta dubi ƙafata, ta dubi fuskata, ta ce, "Ka ci abinci?" Na girgiza kai. Ta kwaɗa garin nan da ƙuli-ƙuli da yaji ta ajiye gabana. Sai da na cinye ta ce, "Abin da ya rage, kawo." Na miƙa mata ba musu.

Kwanakin da suka rage su ne na ga Dubai da gaske, kuma a nan na san wace ce gwaggo. Matar da ba ta karatu ta haddace tashoshin jirgi da launi da siffar gini. Jirgin ba shi da direba, ga ɓangaren mata daban, kati ɗaya kuma yake yi har a bas. Ta gargaɗe ni kada in ci ko in sha komai a ciki, tara ake yi. Da sassafe muke fita kafin rana ta yi zafi, mu cika gora a masallaci. Da kwabo ɗaya nasu muka haye ruwa cikin jirgin katako zuwa kasuwar kayan ƙamshi, iska na kaɗa mu. In za mu ci na waje, sai ta duba inda leburori da direbobi suka yi layi, nan za mu samu gurasa mai zafi da miyar wake da shayi mai madara, mu ƙoshi da kuɗi kaɗan. A shago kuwa ba ta saye a na farko. Sai ta zaga biyar, ta danna farashi a wayar mai shago, ta juya kamar za ta tafi, su kira ta suna dariya suna ce mata Mama. Wata la'asar ta kai ni inda ruwa ke tashi sama yana rawa da kiɗa, a gindin ginin da na biya na hau. Ba mu biya ko sisi ba. Ta nuna masu zama a wuraren cin abinci na sama ta ce, "Da mu da su, ai ruwan nan ɗaya muke kallo."

Da ɗan kuɗin waken ta saro mani caja da abin kunne na waya masu kyau, ta cusa su cikin kayanta don kada in biya dako ni kaɗai. Da muka dawo, ba ta faɗa wa kowa ba. Ni da bakina na durƙusa gaban mahaifina na faɗi gaskiya. Bai zage ni ba, ya tashi ya fita, kuma wannan fitar har yau tana ci mani rai. Na koma tebur, abokan da suka ga hotuna suna tambaya ina butik. Sai bayan damina biyu na buɗe shi.

Abin da na koya shi ne, birnin bai cuce ni ba. Yana da tsada ga mai son a gan shi, yana da sauƙi ga mai tambaya. 'Yan uwana matasa, in Allah ya kai ku irin wannan wuri, ku tafi lokacin sanyi, ku kama ɗaki da jama'a kusa da kasuwa, ku shiga jirgi da bas, ku tambayi kuɗin abu kafin ku taɓa, ku fara saro kaya tun ranar farko, yawo ya biyo baya. Kada hoton da za ku tura gida ya cinye maku gumin iyayenku. Kuma kada ku raina tsohon da ya riga ku sanin hanya don bai yi lakol ba.

Bana gwiwa ta hana gwaggo tafiya. Makon jiya ta kira ni Cadawa, ta ɗauko jarinta duka ta ɗora mani a hannu, ta ce ni zan je mata. Na kasa ɗaga kai in dube ta.