Kajin da Muka Kai wa Likitan Hanta

Da na kai wa likitan nan ainihin abin da Malam yake ci, da yau yana raye? Na tambayi liman, ya ce ajali ne. Na san ajali ne. Amma na tambayi kaina a kan sallaya ya fi a ƙirga, har yau ban samu amsa ba. Kwanana uku da fita takaba, ku kuma 'yan'uwa na gida kuna ta aiko da tambayar tafiyar da muka yi Inugu, shi ya sa na zaunar da 'yar ƙanwata mai koyarwa na ce ta rubuta yadda na faɗa. In kun ga takardar ta jiƙe a wani wuri, ku yi haƙuri, ni ce na leƙa.

Kun san Malam mahauci ne a mayankar Trans-Amadi, nan Fatakwal, tun da muka dawo bayan yaƙin basasa. Bara cikinsa ya fara kumbura, idonsa ya yi rawaya, ga yawan fitsari har tururuwa na bin wurin. Ana haka wasu likitoci suka zo daga wani babban asibiti a Inugu, wai suna binciken ciwon hanta da na hanji da na sukari. Suka jera mahauta suna ɗibar jininsu. Ƙartin da ke kayar da bijimi, an ce biyu sun suma da ganin allura. Shi Malam suka ba shi takarda ya je Inugu, da sharaɗi ɗaya: duk abin da ya ci kwana biyu kafin ya je, a ɗebi kwatankwacinsa a tafi da shi. Kada a ƙara, kada a rage.

Malam ya isar da saƙon daidai, ni kuma na ji sarai. To amma me yake ci? Koko da safe, ɗumamen tuwon masara da rana, sai gyadar da ba ta rabuwa da aljihunsa. Gyadar ma ta gindin buhu yake saye, mai baƙi-baƙi da ɗaci, wai barinta almubazzaranci ne. Na ce a raina, ni da furfurata in ɗauki ɗumame in ratsa gari uku in dire gaban babban likita? A ce matar wane ce? Na kama kajina biyu na sa aka yanka, na soya su ƙayau, na jera a langa. Malam ya miƙo hannu na buge. Na ce na likita ne.

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha. Fatakwal ta yanzu ba wadda kuka sani ba ce. Tun da kuɗin mai ya zo, gari bai waye ba tankokin mai sun cushe titi, kowa na danna oda kamar shi kaɗai ke da wurin zuwa. Kuɗin mota zuwa Anacha ya ninka na bara, mai ayaba ma sai da ta kalli gyalena kafin ta yanke kuɗi. Muka samu fijo, mu tara a wurin mutum bakwai. Malam da cikinsa aka ba shi gaba. Ni ina baya, langa a cinya, wata mata mai kwandon busasshen kifi a kafaɗata.

Hanyar Owerri rabi sabuwar kwalta ce, rabi ramuka. A gefen daji har yanzu akwai ƙonannun motocin yaƙi, ciyawa ta fito ta tagoginsu. In an wuce su sai motar ta yi tsit, Bahaushe da Ibo kowa ya kalli gabansa, har sai direba ya faɗa rami an haɗu an zage shi. A wani shingen sojoji, soja ya leƙo ya shaƙi iska ya ce, “Mama, wetin dey dis pot?” Wato me ke cikin langar. Na ce magani ne. Ya ce shi ma irin ciwon ke damunsa. Cinya ɗaya ta tafi a nan.

Da la'asar muka shiga Anacha. Ba kan hanya take sosai ba, amma Malam ya rantse sai ya ga amininsa mai albasa a Kasuwar Ose Okwodu, wanda suka gudu Arewa a lori ɗaya lokacin yaƙi. Kasuwar nan tun daga nesa take sa mutum hawaye da atishawa, albasa tuli-tuli, barkono kamar an zubar da garwashi, ga kogi a bayanta da jiragen kwale-kwale cike da doya. Tsofaffin biyu suka durƙusa suna gaisuwa, suka tambayi gida, suka tambayi gajiya, suka tambayi waɗanda suka rasu ɗaya bayan ɗaya, har mai dako ya gaji ya sauke kayanmu ya zauna a kai.

A cikin gida na buɗe wa uwargidan aminin langa. Na yi zaton za ta ce na yi kuskure. Ta duba, ta riƙe haɓa ta ce, “Yaya, wannan kaɗai? Likita guda?” Kafin magariba mata huɗu na unguwar sun haɗa dambun nama da alkaki da nakiya. Ɗaya ta ce kada Ibo su ɗauka Hausawa sun dawo da yunwa. Malam kuwa koko ya sha, don cikinsa ba ya karɓar komai, ya bi da gyadarsa.

Washegari muka hau bas ta Inugu. Ƙasar tudu ce da gangare, jar ƙasa, ko'ina ana gini, ko'ina buhunan siminti. Yara na bin mota da kashu da dafaffiyar masara. Malam ya yi ta barci kansa na karo da taga, ni kuma ina ƙirga numfashinsa ina riƙe da langa uku. Muka sauka unguwar Abakpa Nike gidan ƙaninsa direban tifa. 'Ya'yan gidan sun gaishe mu da Hausa, suka juya suna faɗa da junansu da Ibo. Matar ƙanin ta ga kayan, ta ji kunya kada a ce Anacha ta fi Inugu, ta tashi ta yi funkaso da miyar taushe. An hana Malam cin komai tun daga magariba saboda gwajin jini, sai ya zauna a tsakar gida yana shaƙa.

Da hantsi muka shiga asibiti, ni da matar ƙanin, kowacce da tire a ka kamar masu kai gara. Masu jira a benci suka matsa mana. Likitan saurayi ne Ibo, amma da ya buɗe baki sai Hausa kamar jakin Kano. Ashe can aka haife shi. Ya rusuna ya gaida Malam, ya danna masa ciki, ya ɗebi jini, ya ba shi ƙananan kwalabe biyu ya nuna masa bayan gida. Wannan kam ba zan faɗi yadda aka ƙare ba. Malam ya shiga yana salati ya fito yana kallon sama.

Sannan aka buɗe langa. Ƙamshi ya cika ɗakin, nas biyu suka leƙo. Likita ya kalli kaji, ya kalli koɗaɗɗiyar rigar Malam, ya kalle ni.

“Mama, haka Baba yake ci?”

Malam ya riga ni.

“Kullum.”

“Baba, kusa da mahauta na girma. Ban taɓa ganin mahauci na cin kaza ba.”

“Kuɗin mai ne, ɗana. Zamani ya canza.”

Likita ya sake tambaya, Malam ya sake tabbatarwa. Me zai yi? Ba zai ƙaryata dattijo a gaban matarsa ba. Ya ɗora komai a sikeli ya rubuta. Ina jira a kawo faranti, sai na ga nas ta juye kajina da dambu da alkaki da funkaso da miya a cikin wani inji, ta danna. Jama'a, ko bismilla ba wanda ya yi! Suka koma wani kunu mai kalar laka, aka ɗura a kwalba aka manna takarda. Matar ƙanin ta dafe ƙirji. Malam, wanda rabonsa da abinci tun jiya, ya matso kunnena ya ce shekara arba'in da uku yana jiran in yanka masa kaza biyu rana ɗaya, ashe inji ne mai rabo.

Likita ya ba da magunguna, ya ce a dawo bayan wata guda. Ya ce da irin wannan sukari dole a daina kaza soyayya, a daina alkaki da nakiya. Malam ya karɓi dokar da fuskar mai babbar asara. Muna bakin ƙofa na daure na tambaya, me suke nema a cikin abinci? Ya ce suna zargin wata funfuna ce da ke kama gyada da masara in sun daɗe a ajiye a wuri mai laima, suna so su gani ko tana da hannu a ciwon hanta. Na buɗe baki. Malam ya taka mini ƙafa.

Ta Aba muka dawo, da langa huɗu babu komai ciki. Ruwa ya yi ta zuba, motar na yoyo daidai kaina. Malam ya gaya wa duk wanda ke cikin motar cewa likita ya hana shi kaza. A unguwa ma haka, har mahauta suka riƙa zuwa jaje suna dariya. Ni kuwa muna isa na ɗauki kwandon gyadarsa na kai bayan ɗaki. Na fasa guda goma, shida da baƙin gari a ciki. Na buɗe buhun masara, warin ɗaki rufaffe ya buge ni. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ko ranar da muka baro gidanmu a mota.

Abin da na koyo a tafiyar nan kaɗan ne, kuma ya zo a makare. Mun saba baƙo ba ya ganin gindin tukunyarmu. To likita ba baƙo ba ne. Wanda aka buɗe wa ciki, ɓoye masa ɗumame wauta ce. In aka ce ku kai abin da kuke ci, ku kai, ko gaya ne babu miya. Bayan rasuwar na aika da gyadar da masarar ta hannun ƙanin Malam. Likita ya aiko da ta'aziyya, ya ce in kwantar da raina, ciwon ya riga ya yi nisa, binciken ma don na baya ne. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma yaron nan a Kano ya tashi, ya san yadda ake rufa wa tsohuwa asiri.

Malam bai cika watan ba. Kwana goma sha tara da dawowarmu, bayan la'asar, ina zaune bakin gadonsa ina ƙulla gyadar a tsumma, don na ƙudura da safe zan koma Inugu ni kaɗai in faɗi gaskiya. Ya buɗe ido ya ga abin da nake yi, ya ga fuskata. Ya daɗe yana tara numfashi, sannan ya ɗora hannunsa a kan nawa.

“In kin je, ki ce ni na sa ki. Ai kowa ya san mahauci da fariya.”