Rumfar Tamfol a Dajin Zurmi

Buhun gishiri huɗu, jakai biyu, tamfol ɗaya. Abin da na mallaka ke nan a daminar da na bar dako a tashar jirgin Ƙauran Namoda na fara fatauci da kaina. Idan gishirin ya isa Shinkafi a bushe, na zama ɗan kasuwa. Idan ruwa ya taɓa shi, sai in koma ɗaukar kayan wasu a kai.

Tamfol ɗin a hannun wani tsohon soja na saye shi. Ba irin na mota ba ne mai nauyi. Shara-shara ne, idan na naɗe shi sai ya shige hammata. Na iya kafa shi: sanda biyu a tsaye, igiya a tsakani, a saukar da gefe ɗaya har ƙasa ta wajen gabas, don daga can hadari yake fitowa. Tsawonsa sai ya miƙe kudu da arewa. Cikinsa yana ɗaukar buhu huɗu da mutum ɗaya a kwance, ba ƙari.

Ranar na bar Zurmi na yanki daji. Bayan azahar gabas ta yi baƙi. Ina neman wurin sauka sai na ga wani fili ba ƙaya, ƙasarsa da laushi, ga itace an sassare tsawo ɗaya an jera a gindin sabara. Na ce wani manomi ne ya tanadi na shinge, zan ara in mayar. Na kafa biyu, na shimfiɗa saura a ƙasa na ɗora buhuna don kada su sha danshi. Jakan kuwa suka ƙi shiga filin. Na ja, na buga, suka toge. Dole na ɗaure su can nesa na ɗauko kayan a kafaɗa.

Na shiga na kwanta gefen gishirina, fuskata gabas, ruwa ya sauko. Ban ji tafiyar kowa ba. Ta ƙarƙashin bakin tamfol na fara ganin ƙafafu, ba takalmi, sun tsaya a jere. Can wani dattijo ya durƙusa ya leƙo, ruwa na zuba daga gemunsa, ya yi sallama.

"Baƙo, wa ya ba ka itacen ga?"

"Baba, tsinta na yi. Zan mayar."

"Ba na shinge ba na. Na rufin kabari na."

Na fito da rarrafe. Mutum goma sha wani abu ne, huɗu na ɗauke da makara an lulluɓe ta da tabarma. Bayan sabarar nan, inda ban duba ba, ga kabari an gina, ruwa na taruwa a ciki. Da safe suka gina shi suka sare itacen, suka koma gari ɗauko gawa. Yanzu rafin da suka tsallako ya cika, ba komawa, kuma ba a sa mutum cikin ruwa.

Wani mai faɗin kafaɗa cikin masu makara ya dubi rumfata, ya dubi kabarin, ya ce, "Kai ɗan kasuwa, har ka riga mai wuri kwanciya? Dubi yadda ka gitta ta, kamar kai munka kawo."

"Yi mana shiru," in ji dattijon. Ba wanda ya yi dariya. Na duba, gaskiya ya faɗa. Rumfar da kabarin sahu ɗaya suke, kudu da arewa, kusan tsawo ɗaya.

Dattijon bai roƙe ni komai ba. Tabarmar kawai ya duba, ta fara jiƙewa, farin likkafani na nunawa ta inda ta yage. Na auna a raina: makara ta fi ni faɗi, ba za ta shiga ba sai buhu uku sun fita. Ni na fitar da su da hannuna, na jingine su a gindin sabara na rufa musu rigata, ko da yake na san riga ba za ta yi komai ba.

Aka shigar da mamacin inda na tashi. Iska na neman tuge sandar kudu, sai na tsuguna a bakin rumfar na riƙe ta, kan mamacin dab da gwiwata. Ƙanshin turaren da aka sa masa ya cika ciki. Mutanen suka tsaya cikin ruwa suna salati ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ina kallon wani farin ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin buhunana, yana bin gangare a hankali har bakin kabarin.

Da ruwa ya tsagaita suka kwashe na cikin ramin da ƙwarya, suka zuba busasshiyar ƙasar da suka tono a ƙarƙashin rumfata. Suka karɓi itacensu duka, har biyun da na kafa, tamfol ya faɗi. Da ni aka rufe mamacin kafin magariba. Ban tambayi ko wane ne ba, su ma ba su tambayi sunana ba. Dattijon ya riƙe hannuna ya ce, "Allah shi ba ka mai yi maka."

A Shinkafi na juye abin da ya rage a buhu ukun, bai cika ɗaya ba. Da wanda ya tsira, buhu biyu ke nan babu kaɗan. Na sayar da jaki ɗaya, na koma dako har kaka, sannan na sake fitowa. Tamfol ɗin ya yi mini shekaru, amma ban ƙara kafa shi kudu da arewa ba. Gara feshi ya same ni. Kuma duk sanda ya jiƙe, turaren nan yakan tashi.