Doguwar Kalma a Katin Inna

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ne gwiwoyin Inna suka fara ƙin ɗaukar ta. Na kai ta asibiti a Barnawa. Likita ya duba hoton ƙafar, ya rubuta osteoarthritis a kati, ya yi bayani da Turanci a gurguje, ya kira na gaba. Ni malamar firamare ce, amma harshena ya kasa kalmar. Na ƙirga haruffanta, goma sha huɗu. Nan take na yanke wa kaina cewa ciwo mai irin wannan suna ba ya barin mutum da rai.

A gidanmu ba a faɗa wa mara lafiya babban ciwo. Na ɓoye katin a ƙasan akwati, na sanar da yayana da matarsa, muka shiga lallaɓa Inna. Kullum hanta, kullum shayi mai kauri, ba mai yi mata musu. To Inna ba yarinya ba ce. Ba ta tambaye mu komai ba, sai ta fara rabon kayanta. Ranar da ta ba matar yayana atamfar da ta fi so, na shige ɗaki na yi kuka, don na tsorata sosai.

Muna da maƙwabciya 'yar Kudancin Kaduna, nas ce da ta yi ritaya, Sista muke ce mata. Na kai mata katin a ɓoye. Ta sa tabarau ta karanta, ta kama hannuna har gaban Inna.

"Mama, bari mu yanka kalmar nan gunduwa-gunduwa," in ji Sista. Ta rufe kalmar da yatsa, tana buɗewa kaɗan-kaɗan. "Os-ti-yo, ƙashi ke nan da yaren Girkawa. Atr, gaɓa. Ai-tis, kumburi. Malama, maimaita."

Na maimaita kamar 'yar aji ɗaya, sau uku tana gyara mini.

"Wato sanyin ƙashi?" Inna ta tambaya.

"Shi ne, Mama, boko kawai ya yi. Ni ma ina fama da shi. Yana damun mutum, amma ba ya kisa."

Na zauna daɓas a kan tabarma, raina ya yi sanyi, kunya kuma ta rufe ni.

Inna ta juyo gare ni. "Mako uku kuna zaman makokina ina raye," ta ce. "Tashi ki je wurin matar yayanki ki karɓo mini atamfata. Ina da biki ran Asabar."