Sunan Malam Gambo a jikin gwangwani

Shekara tara ke nan cif da muka kai Malam Gambo makwancinsa a Manchester, ranar da ruwan sama ya jiƙa mu har cikin takalma. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, don na san idan na fara ba addu'a kaɗai za ta fito daga bakina ba. Bana na daina fasawa. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, in ya ga dama.

Mutumin Nguru ne, can bakin hamada. Tare muka zo karatu ƙasar nan, ni a fannin gine-gine, shi a fannin sarrafa abinci. Ya yi shekaru a wani ɗakin gwaje-gwaje a kan Oxford Road yana nazarin yadda hatsi ke tsami. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka shiga rage ma'aikata ko'ina, sai aka rufe sashensu. Yana da shekara hamsin da 'yan kai a lokacin, ga matarsa Hajiya Rabi, ga 'yarsu ɗaya, Safiya, tana jami'a. Da yawa a cikinmu sun zauna a gida suna jiran wasiƙar sabon aiki. Gambo kuwa sai ya je ya sayo buhun gero.

Kunun zaƙi ya fara yi, irin na mahaifiyarsa, wanda ba a sa masa sukari. Zai jiƙa dawa ya shimfiɗa ta a kan buhu har ta yi tsiro, ya shanya, ya niƙa. Zai markaɗa gero da citta da kanumfari da masoro, ya dama, idan ya ɗan huce ya zuba garin tsiron nan ya rufe, washegari ya tace. Daga tsiron zaƙin ke fitowa. Ya fara ne a kicin ɗin wata cibiyar unguwa a Longsight, ita ma aka yanke mata tallafi aka sa mata kwaɗo. Daga nan ya kama wani ɗan shago a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, irin waɗanda aka toshe bakin gada aka sa musu ƙofa. Idan jirgi ya wuce har ludayinsa rawa yake yi.

Yana da doka ɗaya da ba ya karya ta. Kunu idan ya kai la'asar ta rana ta biyu, ko da rabin durom ne ya rage, zubar da shi yake yi a magudana. Ya fi kowa sanin abin da hatsi ke zama idan aka ƙyale shi, ai aikinsa ne. Yakan ce da zarar kunu ya fara kumfa, ya tashi daga gidanmu ya koma wani gida. Muna yi masa dariya muna ce masa mai ɓarna.

Mu kuma me muka yi masa? Duk suna, duk walima, duk buɗa-baki a Longsight, kununsa ake sha, a yi ta santi. Idan ya juya baya sai a rage murya, a ce kai, Dakta guda da sayar da kunu. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ga inda yake aikin. Ni da nake kiran kaina amininsa, sau biyu na taka shagon nan, kuma duka biyun sauri nake yi. Ina faɗin wannan da kunya.

Waɗanda suke shiga su ne maƙwabtansa. A shagon da ke jikin nasa wasu samari Turawa ne suke dafa giya a manyan tukwanen ƙarfe, irin ƙananan kamfanonin da suka fara tsirowa a lokacin. Babbansu sunansa Tom. Ya ji ƙamshin citta ya leƙo, Gambo ya ba shi kunu a kofi, shi ke nan ya zama ɗan gida. Kullum yana nan da ɗan littafinsa yana tambaya yana rubutawa. A wurinmu wanda ya shigo maka ya tambayi yadda ake yin abu, ba ka sa shi ya sa hannu a takarda, nuna masa kake yi, har ka haɗa shi da guzuri. Haka Gambo ya yi. Na taɓa ce masa, "Malam, ka san dai abin da yaran nan ke dafawa?"

Ya ce, "Na sani. Maƙwabcina ne, kunu ya tambaye ni, kunu na koya masa."

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, kwana uku a asibiti. Hajiya Rabi ta rufe shagon, daga baya ta koma Birmingham wurin Safiya, wadda ta samu aikin haɗa magunguna a Edgbaston. Muka yi addu'a muka watse, kowa ya koma harkarsa.

Bayan shekara biyu Safiya ta kira ni da rana tsaka. Ta ce, "Baffa, they put Baba on a beer. Sunansa, hularsa, komai. Ga shi nan a shop kusa da station." Ta turo mini hoton. Gwangwanin giya ne, an rubuta Gambo da manyan baƙaƙe, an zana mutum da zanna-bukar a kai, a bayansa raƙumi da tudun yashi uku. A ƙasa an rubuta cewa giyar gero ce, daga wani birni na hamada. Nguru mai tashar jirgi da fadama da kifi, an mayar da ita raƙumi ɗaya da yashi. Ban taɓa jin raina ya ɓaci irin na ranar ba.

Amma kafin mu yi wani yunƙuri, wani daga cikinmu shi ma ya ga gwangwanin, ya ɗauki hoto ya watsa a zauren wayarmu. Kafin magariba an yanke wa mamaci hukunci. Wani ya rubuta, ashe abin da ake dafawa ke nan a ƙarƙashin gada. Wani bawan Allah, da na sha ganinsa yana cika gora da kunun nan ya tafi da ita gida, ya tambaya ko sai ya rama azumin da ya buɗe da shi. Hoton ya ƙetare teku ya isa Nguru, ya sami yayar Gambo, tsohuwa mai ciwon ido, aka karanta mata. Hajiya Rabi ta daina zuwa karatun mata, don an fara matsawa ana ba ta wuri fiye da yadda take buƙata. Mutumin da bai bar gida ba, bai bar mota ba, suna kaɗai ya bari, shi aka ɗauka aka jefa a kwata.

Ranar Asabar na sa babbar riga na fita neman Tom. Ya tashi daga tsohon shagon, don haka sai na bi gadar ina shiga shagunan giyar ɗaya bayan ɗaya. Ni da furfurata, ban taɓa taka mashaya ba sai ranar. Wuraren duk iri ɗaya ne: tukwanen ƙarfe na sheƙi a baya, benci na katakon kwantena a gaba, allo an rubuta sunayen giya da alli kamar ana koyar da darasi. Samarin kowa da gemu, wani ma ya fi na limaminmu tsawo, sai sun shinshina kofi sun ɗaga shi sama sun duba kafin su kurɓa. Kowa na yi mini murmushi yana tambaya ko in ɗanɗana. A shago na huɗu na same shi.

Ya gane ni, ya taso da fara'arsa. Na ajiye masa wayata a kan tebur da hoton a buɗe. Ya ce, "Ai don girmama shi muka yi. Shi ya koya mana tsiro. Ba mu so a manta da shi."

Na ce, "Ka taɓa ganinsa yana zubar da kunu?"

Ya ce sau da yawa. Ya ɗauka tsafta ce kawai.

Na ce, "Yana zubarwa ne don kada ya zama abin da kake sayarwa. Kai kuma ka ɗauki sunansa ka liƙa a kai."

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Cikin mako guda ya janye gwangwanayen daga shaguna, ya hau jirgi zuwa Birmingham, ya cire takalmi a ƙofar Hajiya Rabi, ya ba ta haƙuri. Ban wanke shi ba, har yau. Mutum ya yi shekaru yana shan kunun maƙwabcinsa, bai taɓa tambayar kansa me ya sa maƙwabcin bai taɓa kurɓar nasa ba. Ya ɗauki gero da hula da labari ya bar mutumin. Amma dai ya je ya ba da haƙuri. A cikinmu kuwa, waɗanda suka watsa hoton, ko mutum ɗaya bai ɗaga waya ba. Da gaskiya ta fito sai kowa ya yi gum, aka sauya hira.

Nakan tambayi kaina me Gambo zai ce da ya ga gadar nan yau. Kusan duk bakunanta sun zama wuraren giya, cibiyar unguwar da ya fara aiki a ciki har yanzu da kwaɗo. Na san shi, zai leƙa tukwanensu ya ce ba sa wanke su yadda ya kamata. Raƙumin nan ma dariya zai ba shi, don bai taɓa hawa ba. Abin da ban sani ba shi ne da wane ido zai kalle mu, mu da muka sha daga hannunsa.

Bara Safiya ta ce tana son ta yi wa mahaifinta sadaka da kununsa. Hajiya Rabi ta iya kunu, amma ta ce ba ta san awonsa ba, a shago yake yi. Safiya ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, abokansa na shekara talatin. Babu wanda ya sani, don babu wanda ya taɓa tambayarsa. A ƙarshe dole ta rubuta wa Tom. Ya aiko mata da littafin nan gaba ɗaya, duk ya sha ɗigon ruwa: kwana nawa tsiro ke yi, yawan citta, zafin da ake jira kafin a zuba gari. A ƙasan shafi na ƙarshe ya rubuta, da hannunsa, ba tare da ya san dalili ba: rana ta biyu da la'asar, a zubar.

Aka yi sadakar a Birmingham, mutanen Manchester suka cika mota biyu suka zo. Mai maganar rama azumi ya sha kofi uku, ya goge baki ya ce wallahi kamar na marigayi. Na dube shi, ya dubi ƙasa.

Washegari kunu ya rage kusan rabin bokiti, yana nan da zaƙinsa. Da aka kira la'asar Safiya ta ce, "Baffa, zo ka kama mini." Muka ɗauka mu biyu muka kai bakin magudana muka tuntsurar. Allah ya jiƙan Malam Gambo. Bai taɓa bari ya kwana biyu ba, kuma da ɗayanmu ya taɓa zama a shagon nan ko da yini ɗaya ne, da ya gani da idonsa.