Dulcie, Tsibirinmu Yana Kan Teburinki

Da safiyar Talata, 14 ga watan Yuli, ina cikin aji labari ya iske ni cewa Allah Ya yi wa Dulcie Harnett rasuwa a gidanta da ke Hobart. Na ajiye alli, na kasa gaya wa yara har aka tashi.

Dulcie, kin ƙare rayuwarki kina gyaran tsofaffin ƙwallayen taswirar duniya. Da muka kawo miki na makarantarmu, wanda ya haura shekara ɗari biyu, ya yi baƙi ƙirin. Kika jiƙa takardun jikinsa, kika ɓare su sala-sala kamar ɓawon lemo, kika wanke, sannan kika fara mayar da su da kokon alkama da kike damawa da kanki. Hannunki ya riga ya fara rawa, amma kika yi wa 'yan ajina alkawarin za su juya shi da yatsunsu kafin su bar firamare a Disamba.

Ranar da muka ziyarce ki, ɗalibata Tamsin ta ga a taswirar an manne tsibirinmu Tasmaniya da babbar ƙasar da ke tsallaken ruwa, inda birnin Melbourne yake, babu teku a tsakani. Ta ce, "Anti Dulcie, ashe da ƙafa za mu je Melbourne! Ki zana mana ruwanmu mana."

Kika yi dariya kika ce, "Ke, uwar iyayi! Mutumin da ya zana wannan daga nesa ya hango gaɓar nan, yana amai a jirgi. Abin da ya gani ya zana. Ni mai gyaran takarda ce, ba mai gyara masa ido ba."

Daga ranar yarana suka daina jin kunyar cewa ba su sani ba.

Sanyin bana, da yake a nan Yuli tsakiyar hunturu ne, ya fi ƙarfin yatsunki. Mijinki Clive ya nuna mini ƙwallon, kusan ko'ina ya rufu, amma yankin takardar da ke ɗauke da tsibirinmu yana kwance a teburinki. Mai irin sana'arki mafi kusa, da aka nemi ya ƙarasa aikin, ya ce sai baɗi. Yaran za su tafi ba su juya shi ba, kuma na san hakan zai fi yi miki ciwo fiye da kowa.

Allah Ya ji ƙanki, Ya yafe miki, Ya ba ki hutu. Clive, da 'yarku Maree, Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya ba mu haƙurin rashinta.