Ɗan Tayin Da Na Raina Saboda Taubashiyata

A lokacin ni mace ce mai ji da kanta, 'yar gidan 'yan kasuwa a Illela, ina saro atamfa da leshi daga Konni. Aƙidar gidanmu na tashi da ita: kaya in ba lamba ɗaya ba ne, ko taɓa shi ba ma yi. Abu ɗaya ya gagare ni, haihuwa. Shekara da shekaru ina ɗakin mijina, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Abokiyar kukana ita ce taubashiyata, 'yar kawuna da ke aure a Konni, ita ma shiru. Gaskiya rashin haihuwarta yana sanyaya mini rai.

Tare muka tafi wani asibiti a Abuja inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta, in ya zama ɗan tayi a dasa mata. Likitar ta ce suna gwada sabuwar hanya: ba a taɓa ɗan tayin, ruwan da aka rene shi a ciki ake ɗiba a auna, a yi hasashen wanda zai fi kama mahaifa. Ta nanata cewa hasashe ne kawai. Taubashiyata ta samu 'yan tayi biyu, ɗaya mai darajar sama, ɗaya matsakaici. Ni ɗaya tak, matsakaici.

A masauki ta fara tsokana irin ta taubasai, wai yau sarauniyar lamba ɗaya ta ƙare da lamba biyu. Da a da ne, sai na rama har ta nemi hanyar gudu. Ranar dariyar a baki ta tsaya. Yarinyar da na koya wa ɗaurin ɗankwali, ita ce za ta sha gabana? Ba da saninta ba na ce wa likita kada a dasa mini, kada ma a adana shi, sabon zagaye nake so. Likitar ta ce shekaruna sun ja, ƙwai ba ya jira. Mijina ya lallashe ni har ya gaji, na toshe kunne.

Da aka sake, ko ƙwai ɗaya mai kyau ba a samu ba. Aka kuma, haka. Ita ma taubashiyar tawa dashen farko, na mai darajar saman, bai kama ba, kuma Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Sai aka dasa mata na biyun, ya kama, ta haifi namiji.

Ranar suna na ƙetara Konni da turmin atamfa, fuska a sake, zuciya a ƙuntace. Ita a zatonta an dasa mini ne bai kama ba. Ta miƙo mini jaririn tana murmushi.

"Riƙe shi da kyau, Yaya. Wanga shi na lamba biyun, irin naki. Ke dai naki Allah bai nufa ba."

Yaron ya damƙe yatsana gam. Na kasa ɗaga kai.

Ban ce da nawa ya rayu ba, wannan sanin na Allah ne. Amma ni na hana shi dama, don ba na son a ce ta fi ni. Har yau in na ga yaron kishin yana motsawa, ba zan ɓoye ba. 'Yan uwana mata masu wannan nema, ku saurari likita har ƙarshen maganarta, kada ku leƙa sakamakon kowa. Atamfa ce ake mayarwa a canzo. Nawa, da bakina na ce a zubar.